Idan Tasha Ta Yi Ƙaura: Abin da Dish Ɗin Gida Yake Buƙata Domin Kama Sabon Tauraro

Yau shirin namu zai ɗaga kai ne sama, ya dubi wannan farantin ƙarfe da ke kafe a kan rufin ɗaki ko a jikin katanga, wanda kowa ya sani da dish.

Ga yadda abin ya saba faruwa. An idar da sallar isha'i. An shimfiɗa tabarma a falo. Uwargida ta kammala aikinta, yara sun jeru, maigida ya ɗauki rimot. Ya danna lambar tashar da aka saba kallo, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ba hoto, ba murya. Sauran tashoshi suna nan lafiya lau, ita kaɗai ce ta ɓace. Da safe maƙwabci ya ce masa, ai tashar nan ta koma wani tauraro. Maigida ya nufi kasuwa. Can aka ce masa sai ya sake dish, ya sake dikoda, ya sake waya. Ya ƙirga kuɗi ya biya. Bayan mako guda wani mai ɗaura dish da ya san aikinsa ya duba tsofaffin kayan, ya ce rabinsu ba abin da ya same su.

Wannan asara ce shirin yau yake son ya hana. Maganar da za ku yi ta ji ana maimaitawa ita ce: a bincika kafin a saya. A bincika, sannan a saya.

Bari mu fara da sama. Ina ne tauraron nan yake, kuma me ake nufi idan an ce sabo?

Taurarin ɗan'adam da ke kawo talabijin suna can a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Dukansu sun jeru a kan layi ɗaya, daidai saman ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa. A wannan nisa tauraro yana zagaya duniya sau ɗaya a yini, daidai da yadda duniyar take juyawa. Shi ya sa wanda yake ƙasa yake ganin kamar yana tsaye cak. Shi ya sa kuma ake kafe dish sau ɗaya a ɗaure shi, ba a bin tauraro da shi kamar yadda ake bin inuwa. Wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, shi ya bayyana wannan dabara a rubuce tun shekarar 1945, tun ba a harba ko da tauraro ɗaya ba.

Kowane tauraro yana da mazauninsa a kan wannan layi, kamar yadda kowane ɗan kasuwa yake da rumfarsa. Ana faɗin mazaunin da digiri. Nilesat na Masar yana digiri 7 yamma. Eutelsat 16A yana digiri 16 gabas. Taurarin Badr na Arabsat suna digiri 26 gabas. DStv a Najeriya tana sauka ne daga digiri 36 gabas. Dish ɗin StarTimes yana kallon digiri 5 gabas. Masu kallon Canal+ a Maraɗi da Damagaram da Yamai, nasu farantin yana fuskantar digiri 22 yamma. Najeriya ma tana da nata, NigComSat-1R, a digiri 42.5 gabas, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011.

To a nan ne ake son a natsu, domin kalmar sabon tauraro tana ɗauke da ma'ana biyu.

Ma'ana ta farko, tauraro ya tsufa an kawo wani ya gaje shi a rumfa ɗaya. Tauraro yakan yi kimanin shekara 15 yana aiki. Akwai ɗan man da yake ƙonawa domin ya tsaya a wurinsa. Idan man ya kusa ƙarewa, sai a tura shi sama kaɗan, kimanin kilomita 300, ya ba sabo wuri. Haka aka harba Nilesat 301 a watan Yuni na 2022, ya je digiri 7 yamma inda 'yan'uwansa suke. Haka aka harba Badr-8 a watan Mayu na 2023, ya je digiri 26 gabas. A irin wannan, dish ba ya buƙatar a taɓa shi. Ko kusa. Rumfar ba ta canza ba, mai rumfar ne ya canza. Iyaka dai wata tasha ta sake lambobinta, a sake nemanta da rimot daga zaune.

Ma'ana ta biyu, tashar ce da kanta ta kwashe kayanta ta koma wata rumfa. Masu kallon Arewa24 sun san wannan. Tashar ta fara watsa shirye-shiryenta a 2014 ta mazaunin Nilesat, daga baya masu kallonta kyauta suka koma nemanta a Eutelsat 16A. Wannan ƙaura ce daga yamma zuwa gabas. A irin wannan kam, dole a hau sama.

Saboda haka tambayar farko da mai saurare zai yi, tun bai sa hannu a aljihu ba, ita ce: digirin ya canza, ko bai canza ba? Idan bai canza ba, a bar dish ya huta. Idan ya canza, sai a biyo mu zuwa kashi na biyu.

Kashi na biyu na shirin, shi ne farantin da kansa. Shin tsohon zai iya, ko sai an sake?

Ku ɗauki misalin tocila da dare. Inda aka haska, tsakiyar hasken ya fi ƙarfi. Gefe-gefe yana dushewa. Can waje kuma duhu ne. Haka tauraro yake haska ƙasa. Ba duk duniya yake haskawa ba, yanki yake zaɓa. Tauraro ɗaya ma yakan riƙe tocila biyu ko uku, ɗaya tana kallon Turai, ɗaya Gabas ta Tsakiya, ɗaya Afirka. Garin da yake tsakiyar haske, ƙaramin dish mai faɗin santimita 60 ya ishe shi. Garin da yake gefe, sai mai 90, ko ma babba mai mita 1.8. Garin da yake waje, ko dish ɗin ya kai faɗin tsakar gida ba abin da zai kamo.

Wannan ne dalilin da ya sa tasha takan fito tar a Katsina, amma a Lakwaja a yi ta fama da ita. Wannan ne kuma dalilin da ya sa jerin tashoshin da wani ya gani a intanet ba lallai ne duka su sauka a garinsa ba. Shaida mafi sauƙi tana cikin unguwa. A duba gidan da ya riga ya kama tauraron, a ga girman dish ɗinsa, a tambayi yadda yake yi masa da damina. Idan naku ya kai nasa girma, bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta cinye shi ba, to naku ma zai iya.

A lura da maganar lanƙwasa. Aikin faranti shi ne ya tattara saƙon da ya zo a raunane ya zuba shi wuri ɗaya. Idan iska ta taɓa kayar da shi, ko an taka shi, ko an buge gefensa da guduma, saƙon zai watse. Dish mai tsohon fenti ba matsala ba ne. Dish mai lanƙwasa shi ne matsala.

Sai maganar inda za a juya shi. Ga mutanen arewacin Najeriya da kudancin Nijar, duk taurarin nan ta kudu suke, wasu kudu maso gabas, wasu kudu maso yamma. A ɗauki Kano. Nilesat yana kudu maso yamma, ya ɗaga sama kimanin digiri 67. Eutelsat 16A yana kudu maso gabas, ya ɗaga kimanin digiri 73, kusan tsakiyar ka. Na DStv ya ƙara karkata gabas, kimanin digiri 55. Intelsat 20 kuwa, da ke digiri 68.5 gabas, ya yi ƙasa sosai, kimanin digiri 21 kawai, kusan gabas sak. Ma'ana, wurin da dish yake zaune yana ganin wani tauraro sarai, ana iya juya shi ya ci karo da bishiyar darbejiya ko benen maƙwabci. Saƙon tauraro ba ya ratsa ganye, ba ya ratsa bango. Wani lokaci ba sabon dish ake buƙata ba, sabon wurin kafawa ake buƙata.

Akwai kuma wani abu da yake ruɗar masu koyo. Ƙananan dish ɗin nan masu siffar ƙwai, inda suke kallo a zahiri ya fi inda fuskarsu ta nuna ɗagawa, da fiye da digiri 20. Kada a auna da ido a ce ai yana kallon katanga. Sama da katangar yake kallo.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake shirya dish domin kama sabon tauraro. Mun ce a bincika kafin a saya. Yanzu ga kashi na uku, wanda ya fi kowane ƙanƙanta a jiki.

A gaban faranti akwai wani ɗan abu a bakin sanda, wanda waya take fitowa daga jikinsa. Masu sana'ar suna ce masa LNB. Mu kira shi idon dish. Shi yake karɓar saƙon da faranti ya tattara, ya ƙara masa ƙarfi, ya sauko da shi yadda waya za ta iya ɗauka. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na Ku, ƙarami, wanda yawancin gidaje suke da shi. Akwai na C, mai kama da gwangwani, wanda ake gani a kan manyan dish. Idon Ku ba ya ganin tashar C. Idon C ba ya ganin tashar Ku. Don haka a tambaya, tashar da ake nema a wane ɓangare take?

Kowane da halinsa. Ku yana wadatuwa da ƙaramin faranti, amma hadari yana taɓa shi. Duk wanda hotonsa ya taɓa daskarewa ana tsakiyar wasan ƙwallo a watan Agusta ya san wannan. C yana jure ruwan sama, amma yana son babban faranti. Kuma yanzu ya samu sabon maƙwabci mai hayaniya. A watan Disamba na 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon da wayoyin 5G suke amfani da shi, kuma zangon yana jikin na C. Mai babban dish da yake kusa da turken 5G, idan hotonsa yana yayyagewa ba hadari ba iska, sai ya nemi idon C mai tace wannan hayaniyar.

Idon kuma yana da nasa saiti. Ba dish kaɗai ake juyawa ba. Shi ma ana murza shi a cikin maƙalinsa, dama ko hagu, gwargwadon yadda tauraron ya karkata gabas ko yamma. Wanda ya juya dish daga Nilesat zuwa digiri 16 gabas, ya bar idon a yadda yake, zai samu wasu tashoshi ya rasa wasu, ya yi ta zargin dikoda alhali ba ta da laifi.

Ga tambayar da magidanta suka fi yi. Idan an juya zuwa sabon tauraro, ke nan an rasa tashoshin tsohon? Maigida yana son wa'azi da karatun Alƙur'ani da ya saba ji a Nilesat ko Arabsat, iyali suna son wasan kwaikwayo a ɗaya tauraron. Ba sai an yi rigima ba. Ana iya haɗa su.

Idan taurarin biyu suna kusa da juna, akan ɗaura ido na biyu a gefen na farko, a faranti ɗaya. Faranti kamar madubi yake, yana juya abu. Idon da zai ga tauraron gabas, ta ɓangaren yamma ake maƙala shi. Amma idon gefe ba ya samun ƙarfi kamar na tsakiya, saboda haka farantin yana son ya ɗan fi girma. Idan kuwa tazarar tana da yawa, kamar tsakanin digiri 7 yamma da 36 gabas, dish na biyu ya fi kwanciyar hankali.

To ido biyu, dikoda ɗaya, yaya za a yi? Akwai wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba. Ana rubuta sunansa DiSEqC, ana furta shi daisek. Kamfanin Eutelsat ne ya ƙirƙiro tsarinsa. Aikinsa irin na mai ba da hannu ne a mahaɗar titi. Wayoyi har huɗu suna shiga, ɗaya tana fita zuwa dikoda. Da an danna tasha, shi zai zaɓi idon da ya dace. Yana cikin kayan dish mafi araha. Abin lura kawai, ramin da aka sa wayar tauraro a jikinsa, lambar ramin ita za a faɗa wa dikoda. An sa a rami na biyu, a zaɓi na biyu a allo. Kuma a rufe shi daga ruwan sama.

Mun sauko daga rufi. Kashi na huɗu yana cikin falo, wato dikoda. A nan ne sau da yawa ainihin matsalar take.

Tashoshi suna magana da yare, kuma yaren yana canzawa. Tsohon yare shi ne DVB-S da MPEG-2, wanda dikodojin farko suka iya. Daga 2005 aka fito da DVB-S2, aka haɗa shi da MPEG-4, domin a cusa tashoshi da yawa a wuri kaɗan, hoto kuma ya ƙara fitowa. Yanzu har an samu wani sabo, HEVC, wanda ake kuma rubutawa H.265. Wani lokaci idan tasha ta yi ƙaura, takan koma da sabon yare. Tsohuwar dikoda ba za ta ji shi ba, ko da an saita dish daidai wa daida.

Alamominsa a bayyane suke. Ko dai a nema a rasa tashar gaba ɗaya, alhali maƙwabci yana kallonta. Ko sunanta ya fito, murya ta fito, hoto ya ƙi. Wanda ya ga haka, kada ya sake hawa rufi. Ya juya dikodar ya karanta abin da aka rubuta a jikinta ko a kwalinta. Idan babu S2, lokacin canza ta ya yi. Wanda kuma zai sayi sabuwa a yau, shawarar wannan shiri ita ce ya ƙara ɗan abin da zai ƙara ya ɗauki mai S2 da H.265 tare, kada ya koma kasuwa sau biyu.

A kula da harafi ɗaya a wurin saye. S2 daban, T2 daban. S2 ta dish ce. T2 ta eriya ce, irin wadda GOtv take amfani da ita. Dikodar da T2 kaɗai take da ita, ba abin da za ta yi da dish. Haka kuma dikodar kamfanin da ake biya wata-wata, an yi ta ne domin tashoshin kamfanin. Tashar da aka kulle kuwa, juya dish ba ya buɗe ta. Duk wanda ya yi alkawarin buɗe tashoshin kuɗi kyauta har abada, a riƙe kuɗi a aljihu.

Idan dikoda ta dace, sai a ba ta adireshin tashar. Abu uku ne. Lambar zango, wato firikwensi. Lambar gudun saƙo, wato simbol ret. Sai harafin H ko V, ma'ana saƙon a kwance yake zuwa ko a tsaye. Waɗannan lambobi suna canzawa, don haka a karɓe su daga sanarwar tashar da kanta. Akwai kuma lambar ido. Na Ku da aka saba da shi 9750 da 10600 ne. Na C kuwa 5150. Lamba ɗaya ta kuskure, allo zai zauna baƙi.

Ga wani wuri da ake yawan yaudaruwa. Lokacin saiti, layi biyu ne suke fitowa a allo. Na farko, wanda aka rubuta Strength ko Level, yana nuna cewa ido da waya suna da rai, shi ke nan. Yana iya cika ko da dish yana kallon bango. Na biyu, wanda aka rubuta Quality, shi ne yake cewa an kama tauraron. Layi na biyu ake kallo. A sake ji: layi na biyu ake kallo. A motsa dish kaɗan-kaɗan, kamar faɗin yatsa, a dakata, domin dikoda tana ɗan jinkiri kafin ta amsa. Idan ya hau, a ci gaba da lallaɓawa har ya kai iyakarsa, sannan a murza ido, sannan a ɗaure kusoshi a hankali ana kallon allo. Wanda ya tsaya da zarar hoto ya fito, hadarin farko zai ɗauke masa shi.

Kada a manta da waya. Rana da ruwa suna cin ta. Idan bakinta ya yi kore ko baƙi, a yanke a sa sabon kai, a naɗe da tef. Idan ta tsattsage, a sake ta da mai kyau, irin wadda ake kira RG6.

Akwai kuma ɗaukewar da ba ta buƙatar gyara. Sau biyu a shekara, wajen watan Maris da wajen Satumba, rana takan bi ta bayan tauraro daidai saitin dish. Hoto ya ɗauke na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere, a lokaci kusan ɗaya, sannan ya dawo da kansa. Kada a kira mai gyara saboda wannan.

Kashi na ƙarshe gajere ne, amma shi ya shafi rai. Dikoda tana tura wuta ta cikin wayar dish zuwa ido. Kafin a kwance ko a ɗaura kowace waya, a zare dikoda daga soket, in ba haka ba daisek ko dikodar na iya ƙonewa. Kada a hau rufi idan hadari ya haɗu. Kada a hau kwano yana jiƙe. A dubi wayoyin lantarki da suka ratsa saman gida kafin a ɗaga sandar ƙarfe. Kada a tura yaro ƙarami sama don ya fi sauƙin jiki. Mutum biyu ake so, ɗaya a sama, ɗaya riƙe da tsani.

Mafi alheri a kira mai sana'ar, wanda yake da na'urar auna saƙo. Ku kuma masu ɗaura dish da ke sauraronmu a shagunanku, don Allah ku gaya wa mai gida gaskiyar abin da ya lalace da abin da bai lalace ba. Mai gida kuma, kafin ka sallami mai aiki, ka sa ya nuna maka layi na biyu a allo, ya nuna maka tsofaffin tashoshinka da sababbin, ya kuma rubuta maka sunan tauraron da lambobinsa a takarda, ka ajiye a cikin kwalin dikoda.

Nan shirin namu na yau ya kawo. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.